Madarunfa: Haruffa 26 da ke sauya suna da zarar an tsallaka iyaka

Duk watan Oktoba, idan aka koma makaranta a Jamhuriyar Nijar, yaran da suka gama firamare a gundumar Madarunfa kan shiga ajin farko na kwaleji, wanda ake kira 6e, su tarar da darasin da yawancinsu ba su taɓa yi ba, wato Turancin Ingilishi. Abin da malami ke fara rubutawa a allo sananne ne a idonsu, domin haruffa 26 ne da suka shekara shida suna gani a littattafan Faransanci.

Matsalar na farawa ne da zarar malam ya kira sunayen haruffan. Harafin da yaro ya sani da "i" sai ya ji an ce masa "ai". Wanda ya sani da "ji" ya koma "je", wanda kuma ya sani da "je" ya koma "ji". Kafin ɗalibi ya koyi gaisuwa ko ƙirga da sabon harshen, dole ya warware wannan ƙulli, kuma wanda bai warware shi a zangon farko ba yakan ja shi har zuwa jarrabawar BEPC bayan shekara huɗu.

Darasin haruffan ya ƙara nauyi tun daga 2025, lokacin da hukumomin Yamai suka ba Ingilishi matsayin da bai taɓa samu ba a ƙasar.

Abin da kundin 2025 ya canza

A ranar 26 ga Maris 2025 ne Janar Abdourahamane Tiani ya sa hannu a kan Kundin Sake Gina Ƙasa, wanda ya maye gurbin tsarin mulkin da sojoji suka jingine bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. Sashe na 12 na kundin ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya kuma sanya Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. A tsarin mulkin 2010, Faransanci kaɗai ne harshen hukuma.

A cikin wannan wata na Maris ne kuma Nijar ta sanar da ficewarta daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci ta OIF, ƙungiyar da aka aza harsashinta a birnin Yamai a ranar 20 ga Maris 1970, zamanin shugaba Diori Hamani.

Sauya matsayin harshe a kan takarda abu ne na yini guda, amma samar da ma'aikatan da za su iya karanta wasiƙa ko amsa waya da shi aiki ne na shekaru. A makarantun gwamnati, sai a kwaleji yaro ke fara haɗuwa da Ingilishi, a matsayin darasi ɗaya daga cikin darussa, yayin da lissafi da kimiyya da tarihi duk da Faransanci ake koyar da su. Don haka malamin ajin 6e ne ke ɗauke da nauyin kafa tushen.

Gari ɗaya, takarda biyu

Garin Madarunfa yana kimanin kilomita 25 kudu da Maradi, a bakin tafkin da ya yi suna da kifi da tsuntsaye da kuma kushewun waliyyai 99 da al'ada ta ce suna kewaye da shi. Gundumar ta haɗa da ƙananan hukumomin Ɗan Isa, Jiratawa, Gabi, Safo da Sarkin Yamma, kuma ƙidayar 2012 ta nuna tana da mutum sama da 400,000. Daga Ɗan Isa, hanya ta miƙe zuwa Jibiya, ta wuce Katsina.

Mutanen ɓangarorin biyu dangin juna ne. Bayan faɗuwar Katsina a hannun masu jihadi a 1807, gidan sarautarta ya yi arewa ya kafa zama a Maradi, shi ya sa har yau ake cewa Sarkin Katsinan Maradi. Hukumar haɗin gwiwa ta Faransa da Ingila, ƙarƙashin Tilho da O'Shee, ita ta kafa alamun iyaka tsakanin 1906 da 1908. Daga nan ne 'ya'yan wa suka shiga "lakwal" hannun "mushe", 'ya'yan ƙane kuma suka shiga makarantar boko hannun "tica".

A kasuwa ba a bukatar tafinta, da Hausa ake ciniki, kuma naira na yawo tare da sefa a ƙauyukan bakin iyaka. A kan takarda ne Ingilishi ke tare hanya. Kwalin maganin da aka sayo daga Kano, da bayanin yadda ake haɗa maganin feshi, da katin asibiti a Katsina, da saƙon banki a waya, da fom ɗin neman gurbin karatu, duk da Ingilishi suke zuwa.

Sunan mutum ma yakan rabu biyu. Wanda aka rubuta wa Ousmane a takardar haihuwa ta Nijar, Usman ne a Najeriya. Aboubacar ya zama Abubakar, Chaibou ya zama Shu'aibu, Hadjara ta zama Hajara. Idan ma'aikaci ya ce wa mutum ya jero haruffan sunansa ɗaya bayan ɗaya, kuskuren harafi guda na iya sa sunan da ke kan katin shaida ya saɓa da wanda ke cikin kwamfuta, a yi ta kai-komo.

Tun daga 2019 kuma, hare-haren 'yan bindiga a jihohin Sakkwato, Zamfara da Katsina sun koro dubban mutane zuwa jihar Maradi, musamman gundumomin Gidan Rumji da Madarunfa. A cikinsu akwai yaran da suka fara firamare a Najeriya da sunayen haruffa na Ingilishi. Su nasu ruɗanin ta ɗaya ɓangaren yake zuwa, idan suka zauna a ajin da ake kiran haruffan da Faransanci.

Harafi ɗaya, suna uku

A rubutun Hausar boko, sunan harafi da sautinsa kusan abu ɗaya ne, shi ya sa ake kiran jerin haruffan abacada: a, ba, ca, da. Abin da aka rubuta shi ake karantawa. An daɗe ana gyara wannan tsari, tun daga ƙa'idojin da Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya fitar a 1912, zuwa shigar haruffa masu lanƙwasa ɓ, ɗ da ƙ a shekarun 1930, har zuwa taron UNESCO na Bamako a 1966.

Faransanci da Ingilishi kuwa kowanne da sunan da yake kiran harafi. Wuraren da suka fi rikita ɗalibi ba su da yawa, amma suna cikin haruffan da aka fi amfani da su:

Harafin E, Ingilishi na kiransa "i", wanda shi ne sunan harafin I a Faransanci. Harafin I kuma Ingilishi na kiransa "ai".

Harafin A, Ingilishi na kiransa "ey", wanda a kunnen mai Faransanci ya fi kama da E. Harafin R kuma, a bakin mutanen Ingila, "aa" yake fita, sai mai saurare ya rubuta A.

Haruffan G da J musanyar suna suka yi. G "je" ne a Faransanci, "ji" a Ingilishi. J kuma "ji" ne a Faransanci, "je" a Ingilishi.

Harafin Y, wanda ɗan lakwal ya sani da "igrek", ya koma "wai". H ya tashi daga "ash" ya koma "eyc", U kuma ya koma "yu".

Sunan garin Gabi ya isa misali. Idan ɗan Katsina ya jero haruffansa da Ingilishi, zai ce ji, ey, bi, ai. Kunnen da ya saba da Faransanci zai iya rubuta J, E, B, A, I, wato Jebai, garin da babu shi a gundumar.

Haɗuwar haruffa ma haka take. Sautin da Hausa ke rubutawa da "c", kamar a "ciki", Ingilishi da "ch" yake rubuta shi, Faransanci kuma da "tch". Shi kuma "ch" na Faransanci shi ne "sh" na Hausa da Ingilishi. Haruffan "ou" da ke cikin rubutun hukuma na Madarounfa "u" ne a Faransanci, amma a kalmar Ingilishi "house" suna ba da "au". Yaro ɗaya ne ake so ya riƙe waɗannan ƙa'idoji uku, ya kuma san lokacin da zai ɗauki kowacce.

Irin wannan ruɗani ne ya sa hukumar sufurin jiragen sama ta duniya ta tsayar da jerin kalmomi a 1956, inda ake cewa Alfa a madadin A, Bravo a madadin B, Charlie a madadin C. A waya ma, mutane kan yi irin wannan dabara da sunayen garuruwa, a ce G na Gaya, J na Jibiya.

Sanin suna ba ya karanta kalma

Ko da yaro ya haddace sunayen haruffan 26 da waƙa, bai fara karatu ba tukuna. Ingilishi na da sautuka kimanin 44, kusan 20 daga ciki wasula ne, amma haruffan wasali biyar kacal yake da su. Harafin "a" kaɗai yana fita da sauti daban-daban a kalmomin "cat", "cake", "car", "call" da "about". Haruffan "ough" kuwa furucinsu a "though" daban yake da na "through", "tough" da "cough". Akwai kuma haruffan da ake rubutawa ba a furta su, kamar "k" a "knife" da "b" a "lamb".

Tarihi ne ya jawo haka. Bayan Normandawa sun ci Ingila da yaƙi a 1066, kalmomin Faransanci da salon rubutunsa sun kwarara cikin harshen. A 1476 William Caxton ya kafa na'urar ɗab'i a Ingila, rubutu ya fara tsayawa wuri ɗaya, alhali furucin dogayen wasula na ci gaba da sauyawa tsakanin kusan 1400 da 1700. Sai baki ya yi gaba ya bar alƙalami a baya. Wannan sauyi ne ya sa sunayen A, E da I na Ingilishi suka saɓa da na sauran harsunan Turai, suka kuma saɓa da na Hausa.

A aikace, yaron da aka koya wa suna kawai zai ga "cat" ya ce si, ey, ti, kalmar ba za ta fito ba. Sai ya san cewa "c" a nan "k" take bayarwa, ya haɗa ta da wasalin da ke biye da baƙin ƙarshe, sannan ya karanta.

Inda bakin Bahaushe ke tuntuɓe

Baƙaƙen "p" da "v" ba sa cikin sautukan da Hausa ke bambanta ma'ana da su. Ita "f" ta Hausa da leɓɓa biyu ake yin ta, shi ya sa takan yi kama da "p" a wani bakin. A Hausar Maradi da Katsina da Gobir ma takan koma "h" ko "hw", a ce "hwari" maimakon "fari". A Ingilishi kuwa "f" da haƙoran sama da leɓen ƙasa ake yin ta, kuma musanya ta da "p" na sauya ma'ana: "pan" kwano ne, "fan" fanka, "pull" ja ne, "full" cikakke. Haka "vote" da "boat", ɗaya ƙuri'a ɗaya kwalekwale.

Akwai dabaru masu sauƙi da ba sa bukatar kuɗi. Idan aka riƙe fallen takarda gaban baki aka ce "pan", iskar da ke fashewa daga leɓɓa za ta kaɗa ta lokaci guda. Idan "fan" aka ce, iskar a hankali take zirarowa ta tsakanin haƙori da leɓe. Don "v" kuma, ɗalibi kan ɗora yatsa a maƙogwaro ya ji rawar murya, wadda babu ita a "f".

Na biyu shi ne cunkoson baƙaƙe. Hausa ba ta fara kalma da baƙaƙe biyu a jere, kuma yawancin kalmominta da wasali suke ƙarewa. Kalmomin aro sun nuna yadda baki ke gyara abin: "bread" ya zama burodi, "driver" ya zama direba, "bucket" ya zama bokiti. Wannan ɗabi'a ce ke sa ɗalibi ya ce "sukul" idan ya ga "school".

Ɗalibin Nijar na da ƙarin nauyi da takwaransa na Katsina ba shi da shi. Faransanci ya koya masa hadiye baƙin ƙarshe, kamar "t" a "petit", da kuma "s" na jam'i. Idan ya zo da wannan cikin Ingilishi sai "books" ta koma "book", jam'i ya ɓace. Faransanci ya kuma koya masa ƙin furta "h", sai "heat" ta koma "eat", "hair" ta koma "air". Hausa na jan sa ya ƙara wasali a ƙarshen kalma, Faransanci na jan sa ya yanke baƙi.

Na ƙarshe shi ne gaɓar da ake dannawa. Bambancin "thirteen" da "thirty", ko "fifteen" da "fifty", ya rataya ne a kan gaɓar da aka ƙarfafa da kuma baƙin ƙarshe. Ga mai karɓar lamba ko farashi ta waya, wannan shi ne bambancin 13 da 30, ko 15 da 50.

Inda Hausa da allo ke taimako

Ɗan Madarunfa bai zo ajin Ingilishi hannu rabbana ba. Baƙaƙe da yawa, irin su b, d, k, l, m, n, s, t, w, y da z, sautinsu a Hausa da Ingilishi kusan ɗaya ne. Bahaushe na furta "h" a "hanya" da "hula" ba tare da wahala ba, abin da ke ba Bafaranshe ciwon kai. Sautin farkon "church" shi ne na "ciki". Tagwayen wasulan "ai" da "au" na "kai" da "sau" su ne ke cikin "my" da "how".

Hausa kuma na bambanta dogon wasali da gajere. "Gari" na zama daban yake da "gari" na tuwo, kuma kowane yaro na jin bambancin. Malamin da ya fara da wannan misali ya sami tsani zuwa "ship" da "sheep", ko "full" da "fool". Kunnen da ke rabe "kuka" na hawaye da "kuka" ta miya ta hanyar hawa da saukar murya, ba zai sha wahalar jin gaɓar da aka danna a kalmar Ingilishi ba idan an nuna masa.

Makarantar allo ma ta riga ta share hanya. Almajiri na farawa ne da babbaƙu, inda yake koyon sunayen haruffa zalla, sannan ya shiga farfaru, inda ake ɗora wasali bisa, wasali ƙasa da rufu'a, ya ji yadda harafi ke sauya sauti, kafin ya fara haɗa kalmomi. Yaron da ya bi wannan mataki ya riga ya san cewa sunan harafi daban ne da abin da yake bayarwa a cikin kalma, wanda shi ne ainihin darasin da Ingilishi ke bukata.

Hatta sautin "th", wanda babu shi a Hausa da Faransanci, yana nan a Larabci. Wanda ya yi tajwidi a makarantar Islamiyya ya san haruffa biyu daga cikin waɗanda ake fito da kan harshe tsakanin haƙora wajen furta su. Ɗaya shi ne sautin farkon "thin", ɗayan na "this". Idan babu wannan tunatarwa, "think" takan koma "sink".

Amfani da harshen gida a aji ba sabon abu ba ne a Nijar. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci a Damagaram, kuma dokar ilimi ta 1998 ta amince da harsunan ƙasa a matsayin harsunan koyarwa. Sai dai yawancin yara har yanzu da Faransanci suke fara karatu, don haka da yawa na isa kwaleji suna jin Hausa ba tare da sun iya karanta ta ba. Ga irin waɗannan, dole malami ya bi ta kunne, ya kawo misalin Hausa da baki.

Abin da ake yi a wasu wurare

A Ingila kanta, an daɗe ana muhawara kan yadda za a koya wa yara karatu. Rahoton Jim Rose na 2006 ya ba da shawarar a fara da sautin haruffa da haɗa su bi da bi, kuma tun 2012 ana gwada yaran ajin farko na firamare da kalmomi 40, rabinsu na ƙirƙira ne marasa ma'ana, don a tabbatar yaro na karantawa ne ba hadda ya yi ba.

Tsarin Jolly Phonics, wanda malamai biyu 'yan Ingila, Sue Lloyd da Sara Wernham, suka tsara, na koyar da sautuka 42, kowanne da motsin jiki. Ba ya bin jerin A, B, C. Yana farawa ne da s, a, t, i, p, n, domin da waɗannan shida kaɗai yaro zai iya haɗa kalmomi kamar "sit", "pin" da "tap" tun makonnin farko. An horar da malamai a kan tsarin a jihohin Najeriya da dama. Ga ɗan Hausa dai, akwai abin lura, domin "p" da ke rukunin farko na cikin sautukan da suka fi ba shi wahala.

A Arewacin Najeriya an kuma gwada fara koyar da karatu da Hausa. Shirin RANA, wanda UNICEF ta gudanar da tallafin Birtaniya, ya yi aiki a jihohin Katsina da Zamfara, yayin da littattafan Mu Karanta suka shiga makarantun Sakkwato da Bauchi da tallafin Amurka. Manufar ita ce yaro ya koyi haɗa harafi da sauti a harshen da yake ji, sannan ya ɗauki wannan ƙwarewa zuwa Ingilishi.

Wane Ingilishi za a kwaikwaya?

Ɗalibin Madarunfa na jin Ingilishi iri uku: na Ingila da ake koyarwa a aji, na Amurka da ke cikin finafinai da waƙoƙi, da na Najeriya da ke zuwa ta rediyo da waya da bakin 'yan uwa. Ko sunan harafin ƙarshe bai zo ɗaya ba, "zed" ne a Ingila da Najeriya, "zi" a Amurka.

Masaniyar harshe Jennifer Jenkins, a littafinta na shekarar 2000 kan furucin Ingilishi a matsayin harshen duniya, ta nazarci abin da ke hana fahimta tsakanin masu magana da Ingilishin da ba harshen uwarsu ba ne. Ta gano cewa musanya "th" da wani sauti ba ya cika ɓata fahimta, amma rikita sauran baƙaƙe, da yanke baƙi a farkon kalma, da rashin bambanta dogon wasali da gajere, suna ɓatawa. Idan aka ɗora wannan a kan ɗalibin Hausa, lokacin da malami ke da shi ya fi dacewa ya tafi wajen raba "p" da "f", da "b" da "v". Burin shi ne a fahimci yaron a Katsina ko Accra, ko da lafazinsa na Maradi ne.

Aji, malami da littafi

Babban cikas na nan tun daga firamare. Gwajin PASEC, da ake yi wa ɗaliban ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, ya nuna a 2014 cewa ƙasa da kashi 10 cikin 100 na yaran ajin ƙarshe na firamare a Nijar ne suka kai matakin karatu da ake bukata. A 2019 adadin ya tashi zuwa kusan kashi 30. An samu ci gaba, amma ma'anarsa ita ce yara bakwai cikin goma na gama firamare ba su riƙe karatun Faransanci da kyau ba, kuma a cikinsu ne ake samun waɗanda za a ɗora wa tsarin haruffa na biyu.

Furuci darasi ne da sai an saurari kowane ɗalibi shi kaɗai. A aji mai cunkoso, amshi ake yi gaba ɗaya, kuma a cikin amshi mai kuskure kan ɓuya. Makarantu da dama a karkara ba su da lantarkin kunna sauti, wasu azuzuwan ma rumfunan kara ne, irin waɗanda gobara ta cinye a wata makarantar firamare a Maradi ranar 8 ga Nuwamban 2021, inda yara aƙalla 25 suka rasu.

Horar da malaman Ingilishi ya dogara ne sosai a kan Jami'ar Abdou Moumouni da ke Yamai da makarantarta ta horon malamai. Masu aikin sa-kai na Peace Corps daga Amurka, waɗanda suka fara zuwa Nijar a 1962 a matsayin malaman Ingilishi, sun bar ƙasar a Janairun 2011 saboda matsalar tsaro. A Maradi akwai jami'a mai zaman kanta ta Maryam Abacha, wadda aka kafa a 2013 kuma take koyarwa da Ingilishi, abin da ke jawo ɗalibai daga Najeriya, yake kuma nuna wa matasan yankin cewa harshen na da kasuwa a ƙofar gidansu.

Wayar hannu ta rage wani ɓangare na giɓin. Malami na iya naɗar sautin haruffa da kalmomi a tura ta WhatsApp ko a kwafa a katin waya, ɗalibi ya saurara a gida. Amma wannan sai gidan da ke da waya da abin caji, kuma naɗaɗɗen sauti ba ya gyara wa yaro kuskurensa.

Alaƙar ɓangarorin biyu na iyaka na ci gaba duk da tangal-tangal ɗin siyasa. An rufe iyakar daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin 2023 har zuwa Maris 2024, kuma Nijar ta kammala ficewa daga ECOWAS a Janairun 2025. A ɗaya hannun, layin dogo mai tsawon kimanin kilomita 284 daga Kano zuwa Maradi, wanda shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021, an tsara ya bi ta Daura, Katsina da Jibiya kafin ya ratsa ƙasar Madarunfa. Idan ya fara aiki, tashoshi da ofisoshin kwastan za su nemi matasan da za su iya cike takarda da Faransanci, su karanta ta Ingilishi, su yi wa fasinja bayani da Hausa.

Kundin 2025 ya ba harsunan uku matsayi a doka. Abin da iyaye da malamai a Madarunfa za su zuba ido su gani shi ne yawan sa'o'in da za a ware wa Ingilishi a mako, da ajin da za a fara shi, da adadin malaman da za a horar a kuma turo karkara, da kuma ko za a buga littafin da zai fara da sautukan da yaron Hausa ya riga ya sani.